Akwatin fayafayan kawuna: kiɗan kudancin ƙasar Amurka ne, in bari a sayar ko in riƙe?

Ɗan Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar manya da duk wanda ya san harkar faifan garmaho, don abin ya tsaya mini a rai kuma lokaci ya ƙure mini.

Kawuna ya rasu bayan babbar salla, Allah ya jiƙansa. Da aka yi arba'in aka buɗe ɗakinsa don a lissafa kaya, sai aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, irin koren nan mai kwaɗo biyu. Na san akwatin tun ina yaro, amma ba a bari mu taɓa shi. Da aka ɓalle kwaɗon sai ga manyan fayafayai guda 43 a cikin kwalayensu, da ƙanana guda bakwai a naɗe cikin tsohon zane. Gara ta ci gefen ƙasa na kwali biyar ko shida, sauran kuwa ƙura ce kawai da warin daɗewa.

Ga yadda suka zo hannunsa. A shekarun 1970 kawu direba ne, ya yi shekara uku yana tuƙa wani Ba'amurke da ya zo aikin rijiyoyi a ƙauyukan da ke kan hanyar Pitowa zuwa Gidar. Da mutumin zai koma ƙasarsu a 1978 ya bar masa fayafayan da na'urar saka su. Na'urar ta mutu tun kafin a haife ni, amma kawu bai taɓa yarda a fitar da akwatin daga ɗakinsa ba, ko da aka sake rufin gidan.

Na zauna na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya ina nema a waya. Allman Brothers Band da Lynyrd Skynyrd da Marshall Tucker Band, da ka rubuta suna fitowa rututu. Amma akwai waɗansu da sai ka sha wuya: Grinderswitch, Cowboy, Hydra, Eric Quincy Tate, Wet Willie, da wani mai suna Johnny Jenkins. Abin da na samu nasu bai wuce 'yan waƙoƙin da wani ya ɗora a YouTube daga nasa faifan ba, har kana jin ƙarar allura. Fiye da rabinsu an rubuta Capricorn Records, Macon, Georgia a jiki.

Na ari na'ura wurin wani mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa. Daren farko ba wuta sai wajen ƙarfe sha ɗaya. Da ta dawo na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na sa wanda ake kira At Fillmore East, na Allman Brothers Band, mai faifai biyu, wanda kwalinsa ke da hoton baƙi da fari na mutum shida suna dariya a gaban akwatunan kayan kiɗa. Jama'a, ni ba na jin Ingilishi sosai, Faransanci muka yi a makaranta, amma ban bukaci jin maganar ba. Akwai wata jita da ba a kaɗa ta kamar yadda na saba ji. Tana jan sauti tana lanƙwasa shi, tana hawa tana sauka ba tare da ta yanke ba, daidai yadda goge yake yi idan mai shi ya kai inda yake so. Can sai ta biyu ta karɓa. A bayansu ganga biyu ne, ɗaya na riƙe da tafiya ɗaya na yi mata ado, kamar masu kalangu biyu da suka daɗe tare. Waƙa ɗaya ta cinye fuskar faifai gaba ɗaya, sama da minti ashirin, kuma ban ji tsawonta ba. Da allurar ta kai ƙarshe tana ƙas-ƙas sai na ga ashe hawaye nake, don na tuna yadda kawu yake yin fito idan yana wanke mota, kuma fiton nan nasa daga cikin wannan faifan yake.

Matsalar ita ce wani mutum daga Duwala, mai yawo gari-gari yana sayen tsofaffin fayafayai, ya ji labari ya zo. Ya duba sama-sama ya ce zai ba da jaka sittin a kan akwatin duka, kuma zai dawo nan da kwana goma a kan hanyarsa ta dawowa daga Marwa. 'Ya'yan kawu sun yarda, kuma ban ga laifinsu ba, akwai kuɗin makarantar ƙannensu. Ni ɗan 'yar'uwa ne, ba ni da gado a ciki.

To ga tambayoyina. Su waye waɗannan mawaƙan, kuma me ya sa kiɗa mai kyau haka ya ɓace? Da yawa daga cikin kwalayen an yanke musu kusurwa ko an huda su, lalacewa ce ko da gangan ne? Da me ake wanke su? Sannan jaka sittin kuɗinsu ke nan, ko mutumin ya ga abin da ba mu gani ba?

Tsohon Mai Gyara, Ngawundare

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Na yi shekara 26 ina aikin na'urori a gidan rediyo kafin in yi ritaya, kuma irin waɗannan fayafayan sun bi ta hannuna da yawa. Jikata ce ta nuna mini tambayarka, ita ce kuma take buga mini wannan amsa.

Abin da ke akwatin nan shi ake kira rok na kudancin ƙasar Amurka. Ruwa uku ne suka haɗu a ciki: bulus na baƙaƙen fata, kiɗan karkara na farare, da kiɗan coci. Kamfanin Capricorn da ka gani, Phil Walden ne ya kafa shi a garin Macon na jihar Jojiya a 1969. Shi ne ya kasance manajan shahararren mawaƙin nan Otis Redding kafin Otis ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1967. Ya gina kamfanin ne a kan yaron nan mai jitar da ta sa ka kuka, Duane Allman. Abin da ka ji kamar goge, kwalbar magani ce yake sakawa a yatsa yana zamewa da ita a kan tsirkiya maimakon ya danna. An ɗauki faifan At Fillmore East a gaban jama'a a New York cikin watan Maris na 1971, kuma a ƙarshen Oktoba na shekarar ya rasu a haɗarin babur a Macon yana da shekara 24. Shekara guda bayan haka mai jitar bes ɗinsu, Berry Oakley, shi ma ya faɗi da babur a kusa da wurin, ya rasu.

Dalilin ɓacewar kuwa ba wani abu ba ne illa kasuwa. Kamfani yana buga faifai adadi kaza. In ya saye a sake bugawa, in bai saye ba a cire shi daga jerin kaya. Ragowar da ke sito sai a yanke kusurwar kwalin ko a huda shi, alamar cewa kwantai ne, a sayar da araha, kuma mai shago ba zai iya mayar da shi ga kamfani ba. Don haka yankan da ka gani ba gara ba ce, ba kuma yara ba ne. Yana gaya maka cewa Ba'amurken naku mai tona kwandon kwantai ne, mai sayen abin da wasu suka wuce. Irin waɗannan mutanen su ne masu kunne. Sannan a ƙarshen shekarun 1970 disko ya kwashe kasuwa, Capricorn ya karye a 1979. Manya irin Allman Brothers suna da masu sake buga su har gobe. Ƙananan kuwa, da kamfanin ya faɗi sai ya faɗa a kansu. Wasu daga baya an buga su a CD 'yan kaɗan, su ma suka ƙare.

Ka ba ni dama in tsaya a kan Johnny Jenkins, don in da akwatin nawa ne shi zan fara cirewa. In sunan faifan Ton-Ton Macoute! ne, na 1970, to ka riƙe shi da hannu biyu. Jenkins baƙar fata ne ɗan Macon, bahago, mai kaɗa jita a juye. Otis Redding a ƙungiyarsa ya fara, har shi ne ya tuƙa shi zuwa Memphis a 1962 don Jenkins ya ɗauki waƙa, da lokaci ya ɗan ragu aka ba Otis ya gwada, daga nan duniya ta san Otis ta manta da wanda aka tuƙo. Ka ga direba ya wuce maigidansa. A wannan faifan Duane Allman da wasu abokan kiɗansa ne suke bayan Jenkins. Gangunan da ke waƙar farko, in ka rufe ido sai ka ce a wani ƙauye ake bori. Na sa shi sau da yawa a shirin dare, kuma ba a taɓa rasa mai zuwa washegari yana tambaya wane ɗan Afirka ne wannan ba.

Grinderswitch kuwa, wanda ya kafa su ɗan ɗaukar kaya ne na Allman Brothers, Joe Dan Petty. Ba su taɓa yin babban suna ba, amma wani kiɗansu daga faifan Macon Tracks na 1975 shi ne ɗan rediyon nan John Peel ya yi shekaru yana buɗe shirinsa da shi a BBC, mutanen Ingila suna jin sa kullum ba su san masu shi ba. Cowboy masu sanyi ne, jitar katako da muryoyi a haɗe, kiɗan bayan la'asar. Eric Clapton ya ɗauki waƙarsu guda ya sake rerawa a 1974. Wet Willie 'yan Mobile ne a jihar Alabama, in kana da wanda suka ɗauka a gaban jama'a a New Orleans, wanda ya fito a 1973, kada ka sa shi lokacin da maƙwabta ke barci. Hydra ban taɓa ƙaunarsu ba, ƙarar ta yi mini yawa, amma wannan kunnena ne.

Batun wanki. Kada ka kusantar da fetur, kananzir, turare ko omo. Ka sayi ruwan da aka tace wanda ake ƙara wa batirin mota, ka tabbatar farin ruwan ne ba mai asid ba. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwano a cikin kofi guda ya isa. Ka samu tsohuwar riga ta auduga mai laushi, ka bi da'irar layin faifan, kada ka ratsa shi. Takardar tsakiya kada ta jiƙe. Ka ɗauraye da tsabtataccen ruwan, ka jingina a inuwa ya bushe da kansa. A tsaye ake ajiye su kamar littattafai, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu shi ne babban maƙiyinsu, awa guda a rana ko a cikin mota ta isa ta mai da faifai kamar faranti. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, ka sa kowane cikin leda.

Abu na ƙarshe, ka duba allurar na'urar da ka ara. Allura da ta cinye tana sassaƙe layin faifai, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Sannan in ka ga tsohuwar na'urar kawunka, kada ka jefar. Wutar Amurka 110 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 220 ce mai bugu 50. Na'urori da yawa na wancan zamani gudunsu yana bin bugun wuta, ko an sa musu tiransifoma sai su yi ta jan ƙafa, faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti ya koma wajen 28. Ba mamaki kawunka ya yi shekarunsa yana jin waƙoƙin nan da murya mai kauri fiye da yadda aka rera su.

Ɗan Gada, Kusiri

Allah ya jiƙan kawu. Baba Mai Gyara ya gama maganar ilmi, ni zan yi ta kuɗi, don ni ɗan kasuwa ne, kullum ina kan gadar Ngeli tsakanin nan da Njamena.

Ɗan'uwa, kada wani ya cika maka kai cewa kana zaune a kan zinariya. An buga waɗannan fayafayan da dubbai, kuma a Amurka har yanzu suna nan a gidajen mutane. Wuyar samunsu a Garwa ba ita ce wuyar samunsu a duniya ba. Ka shiga Discogs, shafin intanet na cinikin fayafayai, ka rubuta lambar da ke gefen kwalin, sannan ka karkata faifan a haske ka karanta 'yan lambobin da aka zana a santsin da ke kusa da takardar tsakiya. Su ne za su gaya maka bugun farko ne ko na baya. Za ka ga farashin da aka saya da gaske, ba wanda mai kaya yake fata ba. Kuma ka sani kwalin da gara ta ci da faifan da ya karce, kuɗinsu yana faɗuwa warwas. Ka haɗa da kuɗin aika kaya daga nan zuwa Turai, da haɗarin karyewa a hanya, sai ka ga ribar ta tafi.

Ka duba ko akwai na Lynyrd Skynyrd mai suna Street Survivors. An fitar da shi ranar 17 ga Oktoba 1977 da hoton 'yan ƙungiyar a tsaye wuta na ci a bayansu. Kwana uku bayan haka jirginsu ya faɗi a jihar Misisipi, mawaƙinsu Ronnie Van Zant ya rasu tare da Steve Gaines da 'yar'uwarsa Cassie. Kamfanin ya janye kwalin mai wuta ya sauya da mai baƙin bango. Masu tarawa suna son mai wutar, amma shi ma an sayar da shi da yawa kafin a janye, don haka ba zai gina maka gida ba.

Ni abin da ya ɗaga mini hankali a labarinka shi ne ƙananan nan bakwai da ke cikin zane. Ba ka ce komai a kansu ba. Masu yawon sayen fayafayai a ƙasashenmu ba kiɗan Amurka suke nema ba, namu suke nema. Ka tuna yadda kamfanin Analog Africa ya tattaro waƙoƙin Hamad Kalkaba na 1974 da 1975 ya sake buga su a 2017, duniya ta ji kiɗan Musgum. Irin waɗannan ƙananan faifan an buga su kaɗan ne, zafi da ƙura da yaƙi suka cinye yawancinsu. Ban ce mutumin Duwala macuci ne ba, sana'arsa yake yi, amma wanda ya yi wa akwati kuɗi a dunƙule bayan ya duba sama-sama, to ya riga ya ga abin da yake so a ciki.

Mahaifina yana da fayafayai cike da kabad a Njamena. Da yaƙin 1980 ya ɓarke muka tsallako kogi a kwalekwale da abin da hannu zai iya ɗauka. Da aka koma ba kabad ba ƙofa. Har ya rasu yana ambaton waƙoƙin Chari Jazz da ba mu sake samun su ba. Don haka ni ba zan ce maka ka bari a sayar ba.

Amma hakkin marayu ba abin wasa ba ne. In kana so, ka sayi akwatin daga hannun magada a kan kuɗin da aka taya ko sama da haka, a gaban shaidu, ko da biya biyu ko uku ne. Kuma in ka gano akwai mai tsada a ciki, ka faɗa musu kafin a yi ciniki, ba bayan an yi ba.

Malamar Tarihi, Marwa

Allah ya gafarta wa mamaci. Ƙanena, ina da magana guda da ban ga an taɓa ba, kuma ba don in rage maka jin daɗi ba ne.

Ka duba hotunan 'yan wannan kiɗa, musamman Lynyrd Skynyrd, za ka ga wata jar tuta mai shuɗin gicciye da taurari a bayansu. Tutar yaƙi ce ta jihohin kudu goma sha ɗaya da suka ɓalle daga Amurka, aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, kuma sun ɓalle ne don su ci gaba da riƙe bayi. Bayin nan daga ƙasashenmu aka kwashe su. Bayan yaƙin ma masu ƙin baƙar fata sun ci gaba da ɗaga ta. Ina koyar da wannan a aji kowace shekara, kuma ba na iya ganin tutar nan raina bai ɓaci ba. Mawaƙan sun ce su alamar yankinsu kawai suke nufi. Wataƙila haka ne a zuciyarsu, amma baƙar fata mazaunin Alabama ba haka yake karanta ta ba.

Ban ce a ƙona fayafayai ba. Ina cewa ne in za ka sa wa 'ya'yanka su ji, ka haɗa musu da wannan labarin, su san cewa zaƙin da suke ji a jitar nan daga bulus ya fito, bulus kuwa daga gonakin audugar da kakanninmu suka yi wa bauta. Mu da muke zaune a ƙasar auduga ya kamata mu fi kowa sanin wannan.

Tsohon Mai Gyara, Ngawundare

Malama, gaskiya kika faɗa, ba na musu da ke ko kaɗan. Abin da zan ƙara shi ne kada a yi musu kuɗin goro. Ɗana, ka sake ɗauko kwalin At Fillmore East ka dubi mutum shidan nan. Ɗayansu baƙi ne, Jaimoe, ɗaya daga cikin masu gangar da ka yaba, kuma ya yi kiɗa da Otis Redding kafin nan. A 1969, shekara biyar kacal bayan dokar da ta hana wariya a wuraren jama'a, farare biyar da baƙi ɗaya su shiga mota guda suna yawo a garuruwan kudu ba ƙaramin abu ba ne. Da Oakley ya rasu, wanda ya gaje shi, Lamar Williams, shi ma baƙi ne. Kuma lokacin da ba su da ko sisi a Macon, wata baƙar mata mai gidan abinci, Mama Louise, ita ce ta riƙa ciyar da su bashi. Duk waɗannan suna cikin akwatin, tare da tutar da Malama ta faɗa.

Ɗan Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikar taka da ta sha bugu. Ga inda aka kwana.

Na bi shawarar Yaya na Kusiri. Na kwana biyu ina duba lambobi a waya da tocila a hannu, kuma maganarsa ta fito: yawancinsu ba su da wani kuɗi mai yawa, balle da irin halin da kwalayen suke ciki. Street Survivors yana nan, mai wutar ne, amma ruwa ya taɓa shi ta baya har takardar ta kumbura. Johnny Jenkins ma yana nan, kusurwarsa a yanke, faifan kuwa sumul kamar ba a taɓa sa shi ba. Na rubuta duk abin da na gano a takarda na kai wa babban ɗan kawu, muka zauna da limamin unguwa da ƙanin mahaifinsu. Na sayi manyan 43 a kan jaka saba'in da biyar, na ba da arba'in, sauran bayan wata biyu. Ƙananan bakwai ba su shiga ciniki ba, suna hannun magada har sai an san ko mene ne. Da na gaya wa mutumin Duwala ta waya, bai tambayi manyan ba ko sau ɗaya, ƙananan ya yi ta tambaya.

Malama, na ga tutar, a cikin hoton wani kwali. Da ban san ma'anarta ba, na ɗauka ado ne. Na karanta wa ɗana babba abin da kika rubuta, shekararsa goma sha huɗu, ya ce zai tambayi malaminsu na lise, wato sakandare.

Na wanke goma sha biyu ya zuwa yanzu yadda Baba ya ce. Ruwan farko da ya fito ja ne kamar an wanke tukunyar ƙasa. Mai gyaran rediyon ya duba allurarsa da gilashin ƙara girma ya ce ta cinye, don haka na daina sa komai sai an kawo sabuwa daga Yawunde. Amma kafin in daina, ranar Juma'a da yamma na ɗauki na'urar zuwa gidan kawu, don Inna ta ce tana so ta ji abin da mijinta ya ɓoye shekara arba'in da wani abu. Na sa mata Allman Brothers, ta ce hayaniya ce. Na sa Cowboy, ta yi shiru tana tsince shinkafa. Da na sa faifan farko na Marshall Tucker Band, na 1973, aka zo inda sarewa take shiga, sai ta ajiye tiren. Ta ce wannan ne. Ta ce shekarar da aka kawo ta gidan, kowace yamma in ya dawo daga daji jikinsa duk jar ƙasa, sai ya yi wanka ya sa wannan, ita kuma tana jin sa daga madafa tana zaton wani Bafulatani ne Bature ya ɗauka a na'ura. Ta ce amma na da ya fi wannan nauyi, wannan kamar yana sauri. Baba, ka ga maganarka ta wuta.

Saura tambaya guda. A cikin ƙananan bakwai, shida suna da suna, na Najeriya ne da na kudancin Kamaru. Na bakwai gara ta cinye takardar tsakiyarsa gaba ɗaya, ba abin da ya rage sai ɗan shuɗi a gefe. Na sa shi sau ɗaya kafin in san batun allura. Namiji ne yake waƙa da Fulatanci yana sakawa da Hausa, akwai garaya, akwai kuma jitar lantarki da ganga irin ta Turawa a baya, mata biyu suna amshi. Inna ta ce ta san muryar daga rediyo amma sunan ya ɓace mata. In allurar ta iso zan ɗauki minti ɗaya a waya. Baba, in na turo wa jikarka za ka saurara mini?